Gadon Farar Fuska a Shanun Nama 'Yan Ruwa Biyu

Farar fuska alama ce da maraƙi kan gada idan an haɗa wasu jinsunan shanun Turai da shanun da launin jikinsu ɗaya ne. Jinsin da ya fi shahara da ita shi ne Hereford, jan sa mai farin kai wanda ya samo asali daga Ingila, sai Simmental na ƙasar Suwizalan. A Jihar Kebbi, inda Bokoloji da Bunaji da Rahaji suka cika garke, maganar takan taso ne ga masu gonakin da ke yi wa shanunsu barbara da irin waje don samun nama.

Saniya tana da kuromosom (zaren da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayoyin jiki) guda 60, wato tagwaye 30, rabi daga uwa rabi daga uba. Ƙwayar gadon da ake kira KIT, wadda ke kan kuromosom na 6, tana da hannu wajen bazuwar ƙwayoyin launi a jikin ɗan tayi. Duk wurin da ba su kai ba, gashi ya fito fari, fatar ƙarƙashinsa kuma ba launi. Nau'in KIT da Hereford ke ɗauke da shi mai rinjaye ne, kwafi ɗaya daga uwa ko uba ya isa ya bayyana. Shi ya sa idan tsantsar bijimin Hereford ya hau saniya mai launi ɗaya, 'ya'yan kan fito da farar fuska, ko da jikinsu ya bi uwa. A Amurka an saba haɗa Hereford da baƙar saniya 'yar jinsin Angus, a sami baƙin maraƙi mai farin kai, domin baƙi ma yana rinjayar ja.

A zuriya ta biyu ne lissafin ke canjawa, bisa ƙa'idar da masanin gadon halitta Gregor Mendel ya wallafa a 1866. Ɗan ruwa biyu kwafi ɗaya kawai yake da shi. Idan ya hau saniya marar alama, kusan rabin 'ya'yan ne za su gaji farar fuskar. Idan kuma 'yan ruwa biyu ne uwa da uba, uku cikin huɗu. Wannan ƙiyasi ne na haihuwa mai yawa. Mai shanu biyar yana iya ganin duka sun fito da ita, ko a rasa ko ɗaya, ba tare da bijimin maƙwabci ya tsallako ba.

Farin ma ba ya zuwa da fasali ɗaya. Mai kwafi ɗaya yakan rasa yawan farin ƙafa da na ciki, wani fuskarsa ta yi dabbare-dabbare, wani baƙi ko ja ya zagaye masa ido, saboda wasu ƙwayoyin gado da ke rage farin ko ƙara shi. Na Simmental ya fi sassauci, sau da yawa zane ne kawai daga goshi zuwa hanci.

A nan ne ake yawan ruɗewa da Bunaji. Ita fara ce, amma hancinta da kunnuwanta da gefen idonta baƙaƙe ne, wato launin yana nan a fata. Farin Hereford kuwa rashin launi ne. Fatar ido marar launi ta fi saurin kamuwa da sankarar ido a ƙasa mai zafin rana, kuma ranar bazara a Argungu ko Kamba ba ta wasa ba ce. Don haka maraƙin da ya gaji zoben launi a ido ya fi dacewa da wannan yanki a kan mai fuska fara tas, ko da na biyun ya fi ɗaukar ido a kara.

Farar fuska tana iya zama shaidar jinin waje, sai dai ba ta faɗin yawan jinin. Ƙwaya ɗaya tana iya bin zuriya har tattaɓa-kunne bayan girman jiki da saurin ƙiba na kakan sun narke cikin jinin gida. Nauyi kuwa ƙwayoyin gado masu yawa ne ke haɗuwa su samar da shi, tare da harawa da dusa da ƙulin auduga da sa ya ci a turke.