Dokokin kiwo da tsare dabbobi a birnin Sakkwato

Dokokin kiwo da tsare dabbobi a birnin Sakkwato su ne ƙa'idojin da ke fayyace irin dabbar da mutum zai iya ajewa a gidansa, lokacin da zai sake ta da lokacin da zai ɗaure ta, da kuma wanda zai biya idan ta yi ɓarna ko ta ciji wani. Ba a wuri guda aka tattara su ba. Wasu suna cikin dokokin gwamnati, wasu suna cikin fiƙihun Malikiyya wanda alƙalan ƙasar ke hukunci da shi tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wasu kuma suna bakin mai unguwa da dattawan layi. Na ƙarshen nan ne suka fi aiki yau da gobe, domin mafi yawan rigimar dabba a zaure take farawa, a zaure kuma take ƙarewa.

Dabbobin gari

A Sakkwato dabbar gida dukiya ce kafin ta zama abin sha'awa. Wadda ta fi yawa ita ce jar akuya, mai sunan garin, wadda aka daɗe ana ƙetara hamada da jemammiyar fatarta har ta isa Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take biyowa. Akwai tumaki irin uda da balami, da shanun gudali, da jakuna masu jigilar yashi da itace, da raƙuma, da dawakin sarauta. Akuya da tunkiya galibi na mata ne: asusu ne mai tafiya da ƙafa, da shi ake kayan ɗakin 'ya, ake biyan kuɗin magani, ake fita kunyar suna. Wanda ya taɓa akuyar gida, jarin uwargida ya taɓa.

Dabbobin sha'awa su ne kyanwa, wadda Sakkwatawa ke cewa mussa, da tattabaru da zomaye da samari ke kiwo, sai aku a wasu gidaje. Kare yana da nasa matsayi daban. Akwai na farauta, akwai na makiyaya, akwai na gadi a sababbin unguwanni, akwai kuma wanda ba a san mai shi ba, yana kwana a bola.

Abin da dokar gwamnati ta tanada

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin tsara yadda ake ajiye dabbobin gida da zirga-zirgarsu, tare da kula da kasuwanni da mayanka. Birnin Sakkwato kuwa ba a ƙarƙashin ƙaramar hukuma guda yake ba. Tsakiyarsa ta rabu tsakanin Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu, bakinsa ya malala cikin Wamakko da Kware da Dange-Shuni. Akuya ba ta san iyaka ba, tana iya karyawa a ƙaramar hukuma ɗaya ta yi ɓarna a wata.

Game da kare, tushen dokar na zamanin Turawa ne. Dokar karnuka ta 1943 ta shimfiɗa tsarin yin lasisi, da rataya wa kare lamba a wuya, da ba hukuma ikon kama karen da ke yawo, da ayyana yanki a matsayin mai cuta idan haukan kare ya ɓulla. Tsarin yana nan a takarda, amma mutum zai daɗe yana zaga gari bai ci karo da kare mai lamba ba.

Dokar final kot ta Arewa, wato kundin hukunta laifuffuka, wadda ta fara aiki a 1960, ta mayar da abubuwa uku laifi: azabtar da dabbar gida, sakaci da dabbar da ke iya cutar da mutane, da kashe ko naƙasa dabbar wani da gangan. Mai jakin da ya lafta masa kaya fiye da ƙarfinsa yana ta jibga, da maƙwabcin da ya sare wa akuya ƙafa don ta ci masa shuka, duk suna iya tsintar kansu gaban alƙali. Cututtukan dabbobi kuma suna ƙarƙashin dokar tarayya ta 1988, wadda aka sabunta a 2022. Ita ce ta ba likitocin dabbobi na gwamnati ikon killace dabba, da hana safararta, da wajabta kai rahoton wasu cututtuka. A ƙasa, masu aiwatarwa su ne ma'aikatan lafiyar dabbobi na jiha da duba-gari, wato jami'an tsaftar muhalli, waɗanda ke shiga maganar idan warin turke ko kwatar garke ta dami maƙwabta.

Hukuncin fiƙihu

Nan ne maganar ta fi zurfi, domin abin da ɗalibi ya karanta a makarantar zaure shi ne abin da dattijo zai yanke da shi a ƙofar gida. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya, tana cikin littattafan da ake karantarwa a ko'ina a ƙasar Hausa, kuma ta yi bayani dalla-dalla a kan dabbobi.

Ƙa'idar da ta fi shahara ita ce ta dare da rana. Abin da dabbobi suka ɓata na shuka da dare, masu dabbobin ne za su biya. Na rana kuwa babu komai a kansu. Asalin hukuncin hadisi ne da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, game da taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, sai Annabi (SAW) ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan masu gona, tsaron dabbobi da dare yana kan masu dabbobi. Hikimar a bayyane take: da rana manomi yana gona, dabba tana kiwo, da dare manomi yana barci, dabba ya kamata tana turke. Amma malamai sun yi wa hukuncin ranar iyaka. Wanda ya kora dabbobinsa har bakin gonar mutane ya bar su, ko makiyayin da ke tsaye yana kallo suna ci, ba zai fake da cewa rana ce ba.

Haka mai tafe da dabba, ko yana janta, ko yana korarta, ko yana kanta, shi ke da alhakin abin da ta taka. Wannan hukunci na zamanin ayari ne, amma ya dace da amalanken shanu a titin yau.

Batun kare yana da ban mamaki ga wanda bai karanta ba. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, kuma wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a ciki bin umarni ne kawai, ba don ƙazanta ba. Duk da haka Risala ta hana ajiye kare a gidajen birni, sai dai don tsaron shuka, ko rakiyar dabbobi, ko farautar neman abinci, ba ta nishaɗi ba. Masu sharhi suna kawo labarin cewa shi kansa mawallafin ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi a zamanin rashin tsaro, da aka tuna masa fatawar Imamu Malik sai ya amsa da cewa da Malik ya riski wannan zamani, da zaki zai ajiye. Da irin wannan ne malamai da yawa suka sassauta a kan karen gadi. Sayar da kare an hana, an yi saɓani a kan wanda aka halatta ajewa, amma wanda ya kashe irin wannan kare zai biya ƙimarsa. Mai kare mai cizo kuwa, idan an riga an gargaɗe shi ya yi biris, alhakin abin da karen ya yi yana wuyansa. Shi ya sa dattawa ke son a yi gargaɗin gaban shaidu.

Kyanwa ba ta da wannan takura. Hadisi ya bayyana ta da cewa tana cikin masu kai-da-kawo a tsakanin mutane, ragowar ruwanta kuma mai tsarki ne. Labarin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha, kowane yaro ya san shi, kuma ya fi kowace tara tasiri wajen hana cin zalin dabba.

Ɗauri da sake

Kalandar dabbobin gari damina ce ke rubuta ta. Ruwa yakan sauka a Sakkwato wajen watan Yuni ya ɗauke a Satumba ko farkon Oktoba. Da zarar an yi shuka, sai sanarwa ta fito daga iyayen ƙasa zuwa masu unguwanni, a masallaci ko ta bakin mai shela ko a rediyo, cewa kowa ya ɗaure dabbobinsa. Daga nan sai turke, sai yara su shiga neman ciyawa, sai kuɗin dusa da harawa su tashi. Bayan an kawar da amfanin gona a sake su, su bi karmami da ragowar wake.

A unguwannin bakin gari, inda kangon fili mai gero ke manne da gidan bulo, rigimar takan tafi kamar haka. Mai shuka ya tarar da akuya a ciki, ya kama ta, ya sa mata igiya ya kai ƙofar mai unguwa. Da magariba uwar akuya ta ga ba ta dawo ba, ta tura yaro cigiya. Washegari a tura mutum biyu su duba ɓarnar su kimanta. Sau da yawa mai shuka yakan yafe, musamman a karon farko, a rabu da "Allah ya kiyaye gaba". Idan abin ya maimaitu ne ake maganar kuɗi, idan ya gagara a wuce wurin uban ƙasa, ko 'yan sanda, ko kotu. Wanda ya riƙe dabbar kuwa dole ya ba ta ruwa da abinci, domin amana ce a hannunsa, ba ganima ba.

Noman rani ya rikita wannan tsohon lissafi. A fadamun gulbin Rima da na Sakkwato, kamar wajen Kwalkwalawa, albasa da shinkafa da kayan lambu suna kore shar a daidai lokacin da al'ada ta ce an saki dabbobi, kuma a lokacin ne makiyaya ke gangarowa neman ruwa. Ƙa'idar da aka gina a kan shuka sau ɗaya a shekara ba ta wadatar da ƙasar da ake noma sau biyu.

Cikin gari kuma sake yana da tasa illa ga dabbar kanta. Akuyar da ke kiwo a bola tana haɗiyar leda, ledar ta dunƙule a tumbi, dabba ta yi ta ramewa tana ci ba ta ƙiba. Mahauta sun saba ciro irin wannan dunƙule. Ga kuma mota da babur, ga ɓarayin da ke jefa akuya a but su wuce.

Cizon kare da cutar hauka

Idan akwai wurin da rubutacciyar doka ta fi sulhun zaure amfani, to nan ne. Cutar haukan kare, da zarar alamunta sun bayyana ga mutum, kusan babu tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar takan yi wata biyu zuwa uku a jiki kafin ta nuna, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Wannan jinkiri shi ke yaudarar mutane: ciwo ya warke, an yi sulhu da mai kare, an manta.

Abin da likitoci suka tsara shi ne a wanke wurin cizon da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a garzaya asibiti a fara allurar rigakafi ba tare da jira ba, a kuma tsare karen a sa masa ido na kwana goma. Abin da aka fi yi shi ne matasa su bi kare da sanduna su kashe, a jefar da gawar, shaidar ta tafi ke nan. Idan har an kashe shi, kamata ya yi a kira likitan dabbobi, domin ana gano cutar ta gwajin ƙwaƙwalwar karen a ɗakin bincike irin na cibiyar Vom da ke Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, kuma take sarrafa allurar rigakafin karnuka. A Sakkwato ana yi wa kare allura a asibitin dabbobi na jiha da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, tun yana ɗan wata uku, a riƙa sabuntawa. Masana sun nuna cewa yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura yana katse yaɗuwar cutar. Kashe karnukan titi kawai ba ya yin haka, domin wasu ke cike gurbinsu muddin bola da ragowar mayanka suna nan. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya.

Kasuwa da namun daji

Dabbobin da ke shigowa kasuwar Kara ta cikin gari, da kasuwannin Achida da Illela ta kan iyakar Nijar, suna bi ta hannun dillalai da sarakunan kasuwa, waɗanda shaidarsu ke raba dabbar halal da ta sata. A mayanka, doka ta tanadi likita ya duba dabba kafin yanka, ya duba nama bayan fiɗa. Gab da babbar salla kuwa gari kan koma zango, raguna a turke a bakin kowane titi, hukuma takan kau da kai har layya ta wuce.

Namun daji ba su shiga sahun dabbobin gida ba. Dokar namun daji ta Arewa ta 1963 da dokar tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa sun taƙaita kama wasu da cinikinsu, kuma tun 2017 yarjejeniyar duniya ta haramta safarar aku mai jar wutsiya da aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje don kasuwanci. Masu wasa da kura da biri da maciji, idan sun ratso kasuwa, takunkumi da sarƙa ne ke tsakanin dabbarsu da 'yan kallo.