Tsoron Kujerar Likitan Haƙori Ma Yana da Magani

Akwai mutumin da zai kwana yana juyi, ya dafe kunci, ido ya yi jawur saboda ciwon haƙori, amma da gari ya waye aka ce a tafi asibiti sai ya ce ai ya fara lafawa. Alhali bai lafa ba, tsoro ne ya rinjayi ciwon. Mu ma'aikatan lafiya muna haɗuwa da irinsu kullum, kuma ba ragwaye ba ne. A cikinsu akwai matar da ta sha haihuwa ba ta taɓa raki ba, akwai magidancin da aikin ƙarfi ya zame masa jiki, amma ƙarar injin likitan haƙori kaɗai ta isa ta jiƙa musu tafin hannu da gumi.

Kada kowa ya ɗauka shi kaɗai ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya nuna kusan mutum biliyan 3.5 na fama da cututtukan baki, kuma kimanin biliyan 2 suna yawo da ruɓaɓɓen haƙori da ba a yi wa magani ba. Rashin asibiti da rashin hali suna da babban kaso a wannan, babu musu. Sai dai ko inda asibitin yake kusa, tsoro na tare hanya. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya a 2009 ya gano cewa manya 12 cikin 100 suna da matsanancin tsoron likitan haƙori, wasu 36 kuma suna da matsakaici. Kusan rabin jama'a ke nan.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda tsoron ke haifar da ainihin abin da ake tsoro. Haƙori yana da ɓawo mai tauri a waje wanda babu jijiya a cikinsa. Lokacin da ruɓa take kan wannan ɓawon, mutum ba ya jin komai, ko kuwa ɗan tsami ne idan ya sha abu mai sanyi. A wannan matakin aikin ɗan kaɗan ne: a kankare wurin da ya lalace, a cike, a sallame ka. Idan aka bar ta, ruɓar za ta ci gaba da nutsawa har ta kai ga ɓargon haƙorin, inda jijiya da hanyoyin jini suke, daga nan sai zugi da kumburi da mugunya. To, naman da ya kumbura ya yi mugunya yana ƙara tsami, kuma allurar kashe zafi ba ta kama shi da kyau kamar yadda take kama lafiyayyen nama. Saboda haka wanda ya jira sai da fuska ta kumbura shi ne ya fi fuskantar aiki mai tsawo da allurar da ba ta ji sosai ba, ya fita yana cewa ai dama ya faɗa. An gudu gara an faɗa gidan zago. Wani likitan haƙori ɗan ƙasar Suwidin, Ulf Berggren, ya bayyana wannan zagayen tun 1984: tsoro ya hana zuwa, rashin zuwa ya lalata baki, lalacewar ta jawo kunya, kunyar ta ƙara tsoro. Kunyar nan ba a cika maganarta ba, amma tana da nauyi. Za ka ga mutum yana dariya yana kare baki da hannu, yana ja da baya idan ana magana da shi saboda wari, kuma babban abin da yake gudu shi ne a buɗe bakin a ce masa, "Me kake jira har ya kai haka?"

Shi ya sa a yau likitocin da suka san aikinsu ba haƙorin kaɗai suke dubawa ba. Wanda ya zauna a kujerar nan ya zo da zuciyarsa, da abin da ya taɓa faruwa da shi, da cututtukan jikinsa, da labaran da ya ji tun yana yaro. Kuma tsoron ba iri ɗaya ba ne. Wani allura yake tsoro. Wani ƙarar inji. Wani kuwa kwanciyar ce ke tayar masa da hankali, a kishingiɗar da shi, fitila a fuska, hannun wani a bakinsa, ba damar magana. Akwai mai jin yunƙurin amai da zarar an taɓa can cikin baki, akwai wanda aka taɓa danne shi da ƙarfi yana ƙarami, akwai kuma wanda aka taɓa ci wa zarafi a rayuwa, wanda duk wani kusanci irin wannan yake tono masa tsohon miki. Maganin wannan ba shi ne maganin wancan ba, sai an tambaya. Akwai ma wasu tambayoyi biyar da aka tsara a 1995 don auna tsoron: yaya za ka ji idan gobe ne zuwanka, idan kana zaune kana jiran a kira ka, idan za a sa maka inji, idan za a wanke maka haƙora, idan za a yi maka allura a dasashi. Maki yana kamawa daga 5 zuwa 25, wanda ya kai 19 kuma yana buƙatar kulawa ta musamman.

Kai mai tsoro, matakin farko naka ne, kuma bai wuce kalma huɗu ba: "Likita, tsoro nake ji." Faɗe ta tun kafin ka zauna, ko tun lokacin da ake ba ka rana. Kana da damar cewa zuwan farko na magana ne da dubawa kawai, ba za a taɓa komai ba. Ku yi yarjejeniya a kan alama, misali idan ka ɗaga hannun hagu a tsaya nan take. Mutane da yawa da suka san cewa suna iya tsayar da aikin ba sa ma ɗaga hannun, sanin kaɗai ya ishe su. Ka nemi lokacin safe don kada ka yini kana saƙa da warwara. Ka ɗan ci wani abu kafin ka fito, sai fa idan an ce za a ba ka maganin barci an hana ka ci, domin yunwa da fargaba idan suka haɗu su ne ke sa mutum jiri har ya suma a kujera. Ka tafi da wanda kake nutsuwa da shi, wanda ba zai yi maka dariya ba. Idan ƙara ce matsalarka, ka sa abin sauraro a kunne ka kunna abin da ke kwantar maka da rai.

Sai kuma jikinka. Ka lura da mai tsoro a kujera: yatsu sun ƙanƙame hannun kujerar har farce ya yi fari, kafaɗu sun haye kusa da kunne, yatsun ƙafa sun dunƙule a cikin takalmi, numfashi kuma ya tsaya a ƙirji. Jikin da ya ɗaure haka ya fi jin zafi. Ka ja numfashi ta hanci a hankali kana ƙirga huɗu, ka bar ciki ya taso, sannan ka sake shi kana ƙirga shida. Fitar da numfashi a hankali yana rage gudun zuciya, haka jiki yake aiki. Sannan ka bi gaɓoɓinka ɗaya bayan ɗaya: matse yatsun ƙafa ka saki, matse hannu ka saki, sauke kafaɗu. Amma ka fara gwada wannan a gida kwanaki kafin ranar, domin abin da ba a saba da shi ba ba ya zuwa a lokacin firgita. Numfashi ta hanci yana kuma rage yunƙurin amai.

Bari in tsaya a kan allura, don ita ce ta fi korar mutane. Akwai man da ake shafawa a dasashi ya kashe wurin kafin tsinin ya shiga, ka tambaya a shafa maka. Yawancin raɗaɗin da ake ji daga ruwan maganin ne idan aka tura shi da sauri, don haka likita mai haƙuri yana turawa a sannu. Kuma akwai abin da ya kamata kowa ya sani: galibin alluran nan ana haɗa su da ɗan sinadarin adirenalin don maganin ya daɗe a wurin, ya kuma rage zubar jini. Wannan sinadarin kan sa zuciyar wasu ta yi ta bugawa da sauri, hannu ya ɗan yi rawa na 'yan mintoci. Wanda ba a faɗa masa ba sai ya ɗauka mutuwa ce ta zo, wanda aka faɗa masa kuwa sai ya jira ya wuce. Bayan allurar ta kama za ka ji ana dannawa, ana girgizawa, musamman wajen cire haƙori, amma dannawa daban, zafi daban. Idan zafi ne mai tsini, ɗaga hannu a ƙara maka. Leɓe zai yi nauyi kamar ya kumbura na wasu sa'o'i, alhali bai kumbura ba, sai dai a kiyaye kada a cije shi.

Yawancin labaran ban tsoro da muka gada na wani zamani ne. Sai a 1844 ne wani likitan haƙori a Amurka, Horace Wells, ya fara amfani da iskar da ke kashe zafi wajen cire haƙori, kuma maganin lidokain da aka fi amfani da shi a allurar yau a 1943 aka haɗa shi a Suwidin. Haka nan maganar cewa cire haƙorin sama yana kashe ido ba ta da tushe. Masu cewa wankin haƙori yana sa haƙora girgiɗi ko ya buɗe tsakaninsu, abin da ya faru shi ne dattin da ya ƙandare ya riga ya cinye dasashi da ƙashin da ke riƙe haƙorin, cire shi ne kawai ya bayyana ɓarnar.

Duba mutum gaba ɗaya ya haɗa da sauran lafiyarsa. Ka faɗa wa likita idan kana da hawan jini, ciwon zuciya, asma, farfaɗiya, ko kana shan maganin tsinka jini, ko wani magani ya taɓa tayar maka da borin jini. Mai ciwon suga ya sani cewa cutar dasashi da sugan suna rura wa juna wuta: suga mai yawa yana ƙara cutar dasashi, cutar dasashi kuma tana wahalar da saukar suga. Ke mai juna biyu, ciki ba ya hana a duba miki haƙori ko a yi miki magani, kuma tsakiyar ciki, daga wata na huɗu zuwa na shida, ya fi sauƙin zama a kujera. Ki dai sanar da likita.

Wanda tsoronsa ya wuce duk wannan, akwai iskar da ake shaƙa ta hanci wadda ke sanyaya jiki mutum yana farke, akwai ƙwayar kwantar da hankali da likita ke bayarwa, akwai ma maganin barci gaba ɗaya idan ya zama dole. Suna da amfani, amma a ganina aikin ranar kawai suke gamawa, tsoron yana nan yana jiran zuwa na gaba. Abin da ya fi kawar da shi shi ne zama da masanin halayyar ɗan Adam, a warware tunanin da ke rura tsoron, a kuma riƙa kusantar abin kaɗan-kaɗan: yau ka zauna a kujera kawai, wani zuwan ka riƙe madubin likita a hannunka, daga baya ka saurari ƙarar injin ba tare da ya taɓa ka ba.

Sai dai a yi hattara da masu fakewa da sunan kula da jiki gaba ɗaya suna hana mutane maganin da aka tabbatar. Ƙamshi mai daɗi da sauti mai sanyi suna kwantar da hankali, amma ba sa cike kogon haƙori. Goge baki sau biyu a rana da man da ke da fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, da rage zaƙi su ne ke hana ruɓa. Ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi ƙona naman take yi, kuma shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai yana iya rage kumburi na ɗan lokaci ne kawai, tushen ciwon yana cikin haƙorin.

Iyaye, yawancin tsoron nan a yarinta ake shuka shi. Ku daina cewa yaro, "In ba ka yi shiru ba zan kai ka a yi maka allura." Ku daina ba da labarin wahalar da kuka sha a gabansa. Kada kuma ku yi masa ƙarya cewa ba za a taɓa shi ba, don ranar da ya gane an yaudare shi ya daina yarda da ku da likitan baki ɗaya. Ku kai shi tun yana lafiya, tun wajen cikarsa shekara ɗaya, ya hau kujera, a ƙirga masa haƙora, ya sauko yana murna. Likitocin yara suna da hanya mai kyau: a faɗa wa yaro abin da za a yi, a nuna masa a kan yatsansa, sannan a yi. Manya ma tana yi musu aiki.

Abokan aikina kuma, wanda ya shigo da baki a lalace ya riga ya yi wa kansa faɗan da ya fi naku, kada ku ƙara masa. Ku yi masa sannu da zuwa, ku zauna daidai da shi ku saurare shi kafin ku kwantar da kujera. Idan kun yi alkawarin tsayawa da ya ɗaga hannu, ku tsaya, ko da saura ƙiris aikin ya ƙare.

Akwai lokacin da ba a jiran tsoro ya sauka. Idan kumburi ya bazu zuwa ƙarƙashin haɓa ko wuya ko kusa da ido, ko zazzaɓi ya shigo, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiyar yawu da numfashi suka fara wuya, to mugunyar tana yaɗuwa ne kuma tana iya toshe hanyar iska. A kai mutum asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne, ɓangaren gaggawa ma zai karɓe shi idan babu likitan haƙori a kusa.