Waiwaye: Jarabar Kirista da ta wanda bai yarda da Allah ba, iri ɗaya ce?

A wajen shekara ta 57 miladiyya, Manzo Bulus ya rubuta wa Kiristocin birnin Rum wata doguwar wasiƙa. A babi na 7 ya yi wani kuka da har yau ake maimaitawa: alherin da yake so ya yi ba ya yinsa, muguntar da ba ya so kuwa ita yake aikatawa. Kusan shekara 50 kafin nan, wani mawaƙin Rum mai suna Ovid, wanda ya mutu bai ji labarin Almasihu ba, ya sa irin wannan kukan a bakin wata mata: tana ganin hanya mafi kyau, ta yarda da ita, amma ƙafarta na bin mafi muni. Aristotil, masanin falsafar Girka, shi ma tun ƙarni na 4 kafin miladiyya, ya tsaya ya yi dogon nazari a kan mutumin da ya san daidai amma zuciyarsa ta fi ƙarfinsa. Ashe fisgar zuciya ta girmi wannan gardama. Abin da aka shafe ƙarnoni ana ja-in-ja a kansa shi ne inda fisgar take fitowa, da wanda ake saɓa wa idan an bi ta, da abin da ke riƙe mutum a inda babu idon kowa.

Kiristanci ya mayar da fagen daga can cikin ƙirji. A huɗubarsa ta kan dutse, Yesu ya ce wanda ya dubi mace da sha'awa ya riga ya yi zina da ita a zuciyarsa. Waɗanda suka fi kowa tona wannan batu su ne masu ibadar da suka ƙaurace wa gari suka tare a hamadar Masar. Ɗaya daga cikinsu, Evagrius, wanda ya rasu a 399, ya lissafa miyagun tunani 8 da ke kai wa mutum farmaki, kuma daga jerinsa ne Fafaroma Gregory na Ɗaya ya fitar da manyan zunubai 7 a ƙarshen ƙarni na 6. Yadda Evagrius ya siffanta ɗaya daga cikinsu, gundura da kasalar da ya kira shaiɗanin tsakar rana, abin karantawa ne. Mai ibada na zaune a ɗakinsa, sai ya ga kamar rana ta kafe ba ta motsi, yini ya zama awa 50. Ya leƙa taga, ya fita ya dubi sama ko lokacin cin abinci ya yi, ya waiga ko wani ɗan'uwa zai ɓullo, can sai ya ji ya tsani wurin da aikin hannunsa gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama gaban aikin da ba ya so ya san wannan baƙon, ko yana zuwa coci ko ba ya zuwa. Evagrius ya ƙara da cewa zuwan tunanin ba a hannunmu yake ba, amma ba shi masauki a hannunmu yake. Shi ya sa a koyarwar Kirista jaraba ita kanta ba zunubi ba ce, tunda Yesu ma an jarabce shi a jeji.

Agustin, bishop ɗin Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya ƙara wa maganar nauyi. Yana ɗan shekara 16, shi da abokansa suka shiga gonar maƙwabta da dare suka kakkaɓe 'ya'yan wata itaciya. Ba yunwa suke ji ba, a gida ma akwai waɗanda suka fi su daɗi, ƙarshenta aladu suka watsa wa. Ya girma yana tambayar kansa me ya so a satar, ya gano haramcin ne kawai ya yi masa daɗi. Daga nan ya tsaya a kan cewa ɗan Adam karkatacce ne tun haihuwa, ba ya miƙewa sai da alherin Allah. Pelagius, wani mai wa'azi daga Birtaniya, ya ce a'a, Allah ba zai umarci mutum da abin da ba zai iya ba. Taron bishop-bishop a Kartaj a 418 ya ba Agustin gaskiya. Duk da haka cocin bai taɓa cewa wanda ba Kirista ba ba shi da lamiri. Bulus ɗin nan dai, a babi na 2, ya ce al'ummar da ba a ba su Shari'ar Musa ba suna da ita rubuce a zukatansu, kuma a kan wannan malamin tauhidin Kirista Thomas Aquinas ya yi gini a ƙarni na 13.

Sai a ƙarni na 17 tambayar ta sauya kama a Turai, ta koma ta amana. A 1682, Pierre Bayle, Bafaranshen da rikicin addini ya kora zuwa Holan, ya rubuta cewa al'ummar da ba ta yarda da Allah ba za ta iya zaman lafiya da gaskiya. Hujjarsa mai sauƙi ce: mutane ba da aƙidarsu suke aiki ba, da halinsu da son yabo da tsoron kunya suke yi, in ba haka ba da ƙasashen Kirista ba su cika da yaƙi da zamba ba. Bayan shekara 7, John Locke, wanda ya yi suna wajen kiran a haƙura da bambancin addini, ya ware waɗanda ba su yarda da Allah ba ya ce su kam ba za a lamunce musu ba, domin alkawari da rantsuwa ba sa ɗaure su. Ra'ayin Locke ne ya daɗe a doka. An zaɓi Charles Bradlaugh ɗan majalisar Ingila a 1880, amma rigimar rantsuwa ta hana shi zama daram a kujerarsa sai 1886. A Amurka sai a 1961 Kotun Ƙoli ta hana jihohi sanya imani da Allah a matsayin sharaɗin riƙe muƙami.

A tsakanin nan masanin halittu Darwin ya ce, a 1871, lamiri ya tsiro ne daga ɗabi'ar zaman tare da ake gani har a dabbobi. Marubucin Rasha Dostoevsky ya sa wa wani jarumin labarinsa ra'ayin cewa in babu Allah da lahira, komai ya halatta. Abin mamaki, masanin falsafar Jamus Nietzsche, wanda bai yarda da Allah ba, ya fi kusa da Kiristocin a nan, don ya yi wa masu tunanin Ingila ba'a cewa sun jefar da Allahn Kirista amma sun rungume tarbiyyarsa, kamar wanda ya sare itace yana son ya ci gaba da shan inuwa.

Da masana halayyar ɗan Adam suka shigo da ma'auni, kowane ɓangare ya sha kunya. A 1928, Hartshorne da May suka gwada yara sama da 10,000 a Amurka, suka ga zuwa makarantar Lahadi bai rage satar amsa wani abin a zo a gani ba. A wani bincike da aka wallafa a 1973, a Princeton ta Amurka, aka tura ɗaliban makarantar horar da fastoci su je wani gini su yi jawabi, wasunsu ma a kan misalin Basamariye mai tausayi, labarin da Yesu ya bayar na wanda ya tsaya ya taimaki mutumin da aka yasar a hanya. Aka ajiye musu wani mutum a hanya, ya zube a bakin ƙofa yana tari yana nishi. Cikin waɗanda aka ce wa akwai sauran lokaci, kashi 63 cikin 100 suka taimaka. Cikin waɗanda aka ce wa sun makara, kashi 10 ne kacal, har da masu tsallake shi. Ɗaya ɓangaren ma bai tsira ba: wani bincike na 2015 da ya ce yaran gidajen addini sun fi rowa, wanda jaridun duniya suka yi ta yayatawa, an janye shi a 2019 saboda kuskuren lissafi.

Binciken da ya fi kusantar tambayar tamu shi ne na Wilhelm Hofmann da abokan aikinsa a 2014. Mutum 1,252 a Amurka da Kanada, ana tura musu saƙon waya sau 5 a rana har kwana 3, ana tambayarsu ko sun yi wani abin kirki ko na assha a cikin awar da ta wuce. Masu addini da marasa addini ba su bambanta ba a yawan abin da suka ce sun aikata. Bambancin a ji yake: masu addini sun fi jin laifi da kunya da ƙyamar kansu in sun yi kuskure, sun kuma fi jin godiya in sun yi daidai. Sai dai a tuna, bakinsu aka tambaya, kuma ba duk marar addini ne ya musanta samuwar Allah ba.

A ganina a nan gizo ke saƙar. Fisgar ɗaya ce, iyakar da aka shata mata ce ta bambanta. A 1976, Jimmy Carter, yana takarar shugabancin Amurka, ya shaida wa wata mujalla cewa ya sha yin zina a zuciyarsa. Kiristan da ya san ayar ya fahimce shi nan take, wanda bai yarda da Allah ba kuwa tambayarsa ita ce: to wa aka cuta? Binciken Tomas Ståhl na 2021 a Amurka da Suwidin ya nuna ɓangarorin biyu sun haɗu a kan tausayin mai rauni da adalci, sun rabu a kan tsarki da biyayya ga magabata da riƙon jama'a, kuma marasa imani sun fi auna aiki da sakamakonsa. Saboda haka akwai abubuwan da Kirista ke kwana yana kokawa da su, maƙwabcinsa bai ma ɗauke su jaraba ba. Bayan faɗuwa ma hanya ta rabu. Kirista na da mai tuhumarsa a kan abin da ba wanda ya gani, amma yana da inda zai kai tuba a yafe masa. Ɗayan babu mai leƙa zuciyarsa, sai dai in wanda ya zalunta ya mutu ko ya ƙi yafewa, ba shi da wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Zargin Locke kuwa bai mutu ba. Cibiyar bincike ta Pew ta tambayi mutane a ƙasashe 34 a 2019 ko sai da imani da Allah ake zama mutumin kirki: kashi 96 suka ce e a Filifin, kashi 9 a Suwidin. A 2017 kuma, Will Gervais da abokansa suka ba mutum sama da 3,000 a ƙasashe 13 labarin wani malamin makaranta da ya taso yana azabtar da dabbobi, ya girma ya kashe mutum 5. Masu zaton marar imani ne sun kusan ninka masu zaton mai addini ne, kuma a cikinsu har da waɗanda su kansu ba su yarda da Allah ba.