Ina Fayil Ɗin Ya Kwana? Tambayoyi da Amsoshi Kan Haƙar Tafiyar Aiki a Harkar Kwangila

Duk wanda ya taɓa riƙe kwangila a Zariya, ko ginin ajujuwa ne a Samaru ko gyaran magudanar ruwa a Tudun Wada, ya san amsar nan ta "ana kan aiki a kai". An gama zuba dakin, lebura na jiran sallama, mai siminti na buga waya, takardar biya kuma ba wanda zai ce ga teburin da take. Akwai fannin ilimin kwamfuta da aka gina domin gano inda irin wannan takarda ke maƙalewa.

Mece ce haƙar tafiyar aiki?

Hanya ce, da ake kira process mining a Turance, ta gano yadda aiki ke tafiya a zahiri daga sawun da ya bari a rubuce. Abu uku ake buƙata kan kowane motsi: lambar abin da ake bi, kamar lambar baucar biya, da matakin da aka ɗauka, da ranar da lokacin da aka ɗauke shi. In an tara ɗaruruwan irin waɗannan layuka aka ba manhaja, sai ta zana taswirar hanyar da takardu suka bi da tsawon zaman da suka yi a kowace gaɓa. Dabarar ba ta da wuyar fahimta. In a ko'ina "duba aiki" ke zuwa kafin "sa hannun injiniya", manhaja za ta ɗauka jeri ne. In wani lokaci wannan ke gaba, wani lokaci wancan, ta san ana iya yin su tare.

Daga ina ta fito?

Sunan da ya fi fice shi ne Farfesa Wil van der Aalst, ɗan ƙasar Holan, wanda ya fara aikin a jami'ar fasaha ta Eindhoven a ƙarshen shekarun 1990, daga baya ya koma Aachen a Jamus. A 2011 kwamitin ƙwararru na IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki da na kwamfuta ta duniya, ya fitar da takardar manufofin fannin, kuma a shekarar aka kafa kamfanin Celonis a Munich, wanda ya shigar da abin kasuwa sosai. Cikin manhajojin da ake wannan aiki da su akwai ProM ta kyauta, akwai Disco, akwai PM4Py ga masu rubuta manhaja da harshen Python.

Ina bambancinta da tsara tafiyar aiki da aka saba?

Tsara tafiyar aiki shi ne babban gida: a zana yadda ya kamata aiki ya bi, a aiwatar, a sa ido, a gyara, a sake zagayowa. Har akwai alamomin zane da aka amince da su a duniya, BPMN. Rauninsa shi ne yawanci a ɗakin taro ake zanen, daga bakin shugabannin sassa, kuma kowane oga yana faɗin yadda yake zaton ana yi. Haƙar tafiyar aiki ce ke kawo shaida.

Amma ai kowace kwangila daban take. Ta yaya za a sami tsari ɗaya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi, kuma mai yin ta yana da gaskiya rabi. Banki na buɗe asusu sau dubbai a hanya guda, shi ya sa fannin ya fara karɓuwa a bankuna, asibitoci da masana'antu. Kamfanin gini kuwa bana ɗakin kwanan ɗalibai yake yi, baɗi kwalbati, ga sabon mai ba da aiki, ga sabbin ma'aikata. In ka ɗauki kowace kwangila a matsayin abu ɗaya, za ka tashi da guda goma ko ashirin da ba su kama da juna, taswirar ta fito a cukurkuɗe.

Sai dai ka leƙa cikin kwangilar. Neman kaya daga sito, sayo rodi da siminti, kiran injiniya ya duba kafin a zuba kankare, amincewa da canjin zane, biyan ƙananan 'yan kwangila, neman kuɗin matakin da aka kammala: waɗannan suna maimaituwa a kowane fili, sau da yawa a wata guda. Su ake bi. A aikin gwamnatin tarayya ma Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta shimfiɗa matakai, daga talla zuwa buɗe tayi, tantancewa da amincewa, don haka akwai ma'aunin da za a gwada abin da ya faru da shi.

Inda ake tuntuɓe shi ne zaɓen abin da za a bi. Tirela ɗaya ta siminti na iya rabuwa fili uku, biya ɗaya ya rufe bauca biyar. In ba a zauna an yanke cewa lambar odar kaya za a bi ko lambar bauca ba, lissafin zai ninka wasu abubuwa ya ɓoye wasu. A ganina wannan zaman ya fi sayen kowace manhaja muhimmanci.

Me ake gani idan taswirar ta fito?

Ana ganin hanyar da ake bi, da inda aka kauce wa ƙa'ida, da inda lokaci ke tafiya. A ce, don misali kawai, takardar neman biya tana ɗaukar kwana talatin. Kowa zai ɗora laifin kan akanta. Taswira na iya nuna cewa kwana biyu take yi a wurinsa, sauran duk kai da komo ne tsakanin mai auna aiki da injiniyan fili, domin ana dawo da ita a kan rashin hoton aiki ko kuskuren awo. Maganin wannan fom ne mai jerin abin da dole a haɗa tun farko. Ga mai gini a nan, mako uku da aka rasa a Afrilu na iya jefa aikin tushe cikin damina, kuma farashin kaya ba ya jiran sa hannun kowa.

Mu da komai namu a takarda yake fa?

Kuna da bayanan, ba ku dai kalle su haka ba. Babban littafin nan na shige da fice da magatakarda ke cikewa, mai layin lambar fayil, daga wa, zuwa wa, kwanan wata da sa hannun masinja, ya ƙunshi abu ukun da ake nema. Haka littafin sito, haka saƙon banki na shigar kuɗi, haka ranakun hotunan da foman ke turowa ta WhatsApp. A kwashe na wata shida a zuba a Excel, layi ɗaya ga kowane motsi. Ɗalibin kwamfuta ko na auna gine-gine daga Jami'ar Ahmadu Bello ko Kwalejin Nuhu Bamalli zai iya wannan a lokacin horon aikinsa.

Sharaɗi ɗaya ne ba sassauci: kwanan watan ya zama na gaskiya. In ana tara takardun mako a buga musu hatimi ranar Juma'a, ko a mayar da rana baya don binciken odita, taswirar za ta nuna ofis mai sauri alhali mutane na fama.

Wannan ba tarkon kama ma'aikata ba ne?

Zai iya zama, kuma abin da na fi tsoro ke nan. Ranar da ma'aikata suka gane ana tara ranaku ne don a ci mutuncin wani a taro, ranar za a fara gyara rajista da biro. Gara a sa sunan muƙami ko sashe maimakon sunan mutum, a kuma tuna Najeriya na da dokar kare bayanan mutane tun 2023. Sannan taswira tana nuna inda fayil ya tsaya ne kawai. Ko mutum ɗaya aka bar wa aikin mutum uku, ko kuɗin ne mai aiki bai sako ba, sai an je an zauna da mai teburin an tambaye shi cikin mutunci.

Ƙaramin kamfani daga ina zai fara?

Daga abu ɗaya da ke ci masa tuwo a ƙwarya, yawanci biyan kuɗi ko sayen kaya. A ba kowace buƙata lamba guda da za ta bi ta daga fili har banki, a daidaita sunayen matakai kada su wuce goma, a rubuta rana a ranar. Bayan an gyara gaɓa ɗaya, a sake auna ta a kwangila ta gaba a kwatanta da ta baya.