Genesis of the Daleks da The Caves of Androzani: Kwatanta Labarai Biyu na Doctor Who

Doctor Who shirin almarar kimiyya ne da BBC ta fara nunawa a Ingila a 1963. A tsohon tsarinsa, labari ɗaya kan ɗauki kashi huɗu ko shida, kowane kashi kimanin minti 25. Biyu daga cikin labaran da masu kallo suka fi yabawa su ne Genesis of the Daleks da The Caves of Androzani. A ƙuri'ar mujallar Doctor Who Magazine ta 1998 na farkon ne ya zo na ɗaya, a ta 2009 kuma na biyun ya karɓi kambun. Abin mamaki, dukansu an fara haska su ne ranar 8 ga Maris, shekara tara tsakani.

Genesis of the Daleks (1975) kashi shida ne. Terry Nation ya rubuta, David Maloney ya ba da umarni, Tom Baker kuma ya fito a matsayin Dakta na huɗu, wato ɗan wasa na huɗu da ya taka rawar Dakta, jarumin shirin mai tafiya cikin lokaci. Shugabannin jinsinsa, wato Time Lords, sun jefa shi duniyar Skaro domin ya hana ƙirƙirar Daleks, mugayen halittun da ke cikin sulken ƙarfe, tun daga tushe. Ya tarar al'ummu biyu na Skaro, Kaleds da Thals, sun shafe shekara dubu suna yaƙi har makamai sun ƙare, ana haɗa bindigar zamani da ta gargajiya. A nan aka fara ganin Davros, masanin kimiyyar Kaleds nakasasshe da ya ƙirƙiri Daleks, wanda Michael Wisher ya fito a matsayinsa. Kayan sojan Kaleds da gaisuwarsu da aƙidar tsarkin jini duk ishara ce ga 'yan Nazi. Ƙololuwar labarin tana kashi na shida: Dakta riƙe da wayoyi biyu, da zarar ya haɗa su ɗakin renon Daleks ya tarwatse, amma ya tsaya yana tambayar kansa ko yana da hurumin shafe jinsi guda.

The Caves of Androzani (1984) kashi huɗu ne, kuma shi ne fitowar ƙarshe ta Peter Davison a matsayin Dakta na biyar kafin Colin Baker ya gaje shi. Robert Holmes, wanda shi ne editan rubutu lokacin Genesis, ya rubuta shi. A nan babu wata duniya da ake son ceto. Ana rikici ne kan spectrox, sinadarin da ke tsawaita rai, tsakanin attajiri Morgus, sojojin gwamnati, masu fasa-ƙwaurin makamai da Sharaz Jek, wanda ya ɓuya cikin kogo da mutum-mutuminsa, fuskarsa a ƙone. Dakta da abokiyar tafiyarsa Peri sun taɓa ɗanyen sinadarin tun a kashi na ɗaya, guba ta kama su. Maganin shi ne nonon sarauniyar jemage, kuma abin da ya rage bayan ya zube bai wuce na mutum ɗaya ba. Ya ba Peri, shi kuma gubar ta sa ya sauya jiki ya zama sabon Dakta.

Bambancin ya fi fitowa a aikin kyamara. Duka biyun sun bi al'adar lokacin: waje a ɗauka da fim a ramin haƙar dutse ko yashi, ciki kuma da bidiyo a situdiyo. Maloney ya dogara ga duhu da hayaƙi da tafiyar hawainiya a fagen daga. Graeme Harper, mai ba da umarnin Androzani, kuwa ya sauko daga ɗakin umarni ya tsaya kusa da 'yan wasa, yana amfani da kyamarar hannu da ɗauka daga ƙasa, shi ya sa Androzani ke gudu ba numfashi. Maganar da Morgus ke juyowa ya yi wa kyamara kai tsaye ta samo asali ne daga kuskuren fahimtar umarnin rubutu da John Normington, wanda ya fito a matsayin Morgus, ya yi, aka ga ta yi armashi aka bar ta.

Kowannensu na da rauninsa. Kashi shida sun yi wa Genesis yawa, sai aka cike tsakiyar da kamawa da tserewa da sake kamawa, ga kuma manyan kifayen ƙumba da ba sa ko motsin kirki. Mary Whitehouse, mai fafutukar tsabtace shirye-shiryen talabijin, ta soki tsananin tashin hankalin da ke cikinsa. Aibin Androzani wani dodo ne da ke cikin kogon: mutum ne cikin rigar roba, kuma da an cire shi gaba ɗaya labarin ba zai rasa komai ba.