Ɗurin harsashi a gida: tambayoyi da amsoshi kan yadda maharban Amurka ke farawa

Wanda ya taɓa kallon Amurkawa a filin koyon harbi zai lura da wani abu. Da zarar mutum ya gama, sai ya duƙa yana tsintar kwanson harsashin da ya zube a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, yana zubawa a 'yar jaka kamar mai kalar gyaɗa. Ba shara yake yi ba. Gida zai kai su, ya wanke, ya sake ɗura musu albarushi, ya mayar da su harsashi sabo. Sana'ar hannu ce mai tsohon tarihi a can, tana da littattafanta da kamfanoninta da ƙa'idojinta masu tsauri.

Me ake nufi da sake ɗura harsashi?

Abin da muke kira harsashi a dunƙule abu huɗu ne a haɗe. Akwai kwanso, wanda galibi na tagulla ne, wato jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30. A gindinsa akwai ɗan makunni, ƙanƙani kamar ƙwayar magani, wanda allurar bindiga ke doka ya ba da tartsatsi. A cikinsa akwai albarushi. A bakinsa kuma ƙwayar harsashin ce, ta dalma da aka yi wa rigar jan ƙarfe, ita ce ke fita ta tafi. In an harba, uku sun tafi: ƙwaya ta fita, albarushi ya ƙone, makunni ya mutu. Kwanso ne kaɗai ke saura, kuma shi ne ya fi tsada a cikin huɗun. To shi ake sake amfani da shi. Sauran ukun a shago ake sayo su, daga kamfanonin da aikinsu ke nan. Babu mai hankalin da ke haɗa albarushi ko makunni a gida.

Ai mafarautanmu ma suna ɗura bindiga da hannu. Mene ne bambancin?

Tambaya ce mai kyau, domin a nan ne hatsarin rashin fahimta yake. Bindigar toka, irin ta mafarauta da wadda ake bugawa a hawan Sallah, ta baki ake ɗura mata baƙin albarushi, a danna da sanda. Shi baƙin albarushi da awon cokali ko ƙaho ake zuba shi, kuma ƙarfinsa yana da iyaka. Bindigar zamani kuwa da albarushi marar hayaƙi take aiki, wanda wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya ƙirƙiro a 1884. Wannan wani abu ne daban. Harsashin .308 Winchester, wanda ya fito a 1952 kuma yana cikin waɗanda aka fi farauta da su, an yarda matsin da ke tashi a cikinsa ya kai fam 62,000 a kan kowane inci murabba'i. Tayar ƙaramar mota ba ta wuce talatin da ɗan wani abu. Wannan matsi yana tashi ne kusa da kuncin mai harbi, tazarar bai fi tafin hannu ba. Shi ya sa ba a auna shi da ido ko da cokali. Kuma duk wanda ya zuba albarushin zamani a bindigar toka, bututun ne zai tarwatse a hannunsa.

Doka ta yarda da shi?

Ya danganta da ƙasar. A Amurka, dokar tarayya ba ta neman lasisi daga wanda ke ɗura wa kansa harsashi don amfanin kansa, amma in zai sayar dole ya sami lasisin ƙera harsashi, kuma jihohi suna da nasu ƙarin sharuɗɗan. A Birtaniya sai ka nuna takardar izinin mallakar bindiga kafin a sayar maka da makunni, kuma ba za ka riƙe harsashin da ya wuce iri da adadin da aka rubuta a takardar ba. A Jamus sai ka yi kwas, ka ci jarrabawa, a ba ka izini ƙarƙashin dokar abubuwa masu fashewa.

A Najeriya kuwa magana ɗaya ce: haramun ne. Dokar makamai ta 1959 ta hana kowa ƙera ko haɗa harsashi in ba a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar soja ba. Aiki ne na irin su DICON, masana'antar makamai ta gwamnati da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964. Duk wanda ke zaune a Najeriya ya karanta wannan a matsayin ilmin yadda abu ke aiki. A ƙasar da harsashi ya raba dubban mutane da gidajensu da gonakinsu, ban ga laifin wannan doka ba ko kaɗan.

To me ya sa mutum zai wahalar da kansa, alhali ga harsashi a shago?

Kowa da sauƙin kuɗi yake farawa, amma su kansu masu yin abin suna faɗa wa juna cewa ba ka rage kashe kuɗi, harbin ne kawai kake ƙarawa. Kayan aikin farko suna cin ɗaruruwan daloli, kuma sai ka ɗura harsashi mai yawa kafin kuɗinka ya dawo. Wanda ke harbi sau goma a shekara lokacin farautar barewa, gara ya sayi kwali ɗaya ya huta.

Dalilin da ya fi ƙarfi shi ne saiti. Kowace bindiga da halinta, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su a rana ɗaya. Harsashin kamfani an yi shi ne ya shiga kowace bindiga, kamar rigar kanti. Na hannu kuwa ɗinkin tela ne, an auna shi daidai da bindiga guda. Masu gasar harbi daga nesa kusan dukkansu da hannunsu suke ɗura nasu. Sai kuma mai tsohuwar bindigar gado wadda kamfanoni suka daina yi wa harsashi, ba shi da wata hanya sai wannan.

Ƙarancin kaya ma ya taka rawa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu harsashi ya yi wuya ga farar hula a Amurka. A 1943 Fred Huntington ya fara ƙera ƙarafan matsa ƙwayar harsashi a garin Oroville na Kalifoniya, abin da ya zama kamfanin RCBS. Bayan yaƙin, Bruce Hodgdon ya sayi rarar albarushin soja yana sayar wa maharba da araha, kuma har yau kamfanin albarushi na ɗauke da sunansa. A 1958 Richard Lee ya fito da ɗan ƙaramin kayan ɗuri wanda guduma kawai yake buƙata, ya buɗe wa marasa ƙarfi ƙofa.

Da me mai farawa zai fara?

Da littafi, kafin ya sayi ko ƙusa. Kamfanoni irin su Lyman da Hornady da Speer da Sierra suna buga littattafan ɗuri. Rabin farko darasi ne, rabin baya kuma jadawali: ga irin harsashi, ga nauyin ƙwaya, ga sunan albarushi, ga awon da za a fara da shi, ga iyakar da ba a ƙetarewa. Waɗannan lambobi a ɗakin gwaji aka samo su, da bututun da ke auna matsi, bisa ma'aunin SAAMI, ƙungiyar masu ƙera makamai da harsashi ta Amurka da aka kafa a 1926. Da gangan ba zan kawo awon albarushi ko ɗaya a nan ba. Lambar da aka tsinta a bakin wani, ko a intanet, ba abin ɗora fuska a kai ba ce. Tsofaffin hannu littafi biyu suke buɗewa su gwada su da juna.

Bayan littafi sai injin matsawa mai hannu ɗaya, wanda ake ɗaure shi da noti a jikin tebur mai nauyi. Akwai mai yin aiki ɗaya a kowane ja, akwai mai yin huɗu ko biyar a lokaci guda, irin na kamfanin Dillon. Mai koyo ya ɗauki na farkon. Jinkirinsa ne amfaninsa, domin idonka na kan kwanso ɗaya tak. Sai kwaroron ƙarfen da ake murɗawa a kan injin, wanda kowane irin harsashi da nasa, sai sikeli, sai ma'aunin tsawo irin na masu gyaran inji, sai abin datse bakin kwanso, da man shafawa, da tabaran kare ido. Sai littafin rubutu, wanda mutane ke rainawa, alhali shi ne zai tuna maka abin da ka zuba wata shida baya.

Sikelin ya cancanci a tsaya a kansa. Ana auna albarushi da wani awo da ake kira giren. Giren 7,000 ne fam ɗaya, wato giram ɗaya ya ɗan haura giren 15. Sikelin ɗuri yana rarrabe kashi ɗaya cikin goma na giren, har numfashin mutum ko iskar fanka na iya motsa shi. Za ka ga dattijo ya rufe taga, ya kashe fanka, ya sunkuya yana murza wani ɗan bututu da yatsa biyu, ƙwayoyin albarushi na faɗowa ɗai-ɗai cikin faranti har allura ta tsaya cak a kan layi.

Yaya aikin yake tafiya?

Ana fara da duba kwanso a haske, a jefar da duk mai tsaga ko lotsawa. A wanke shi a injin da ke girgiza shi cikin dakakken totuwar masara ko ɓawon gyaɗar turawa har ya yi ƙyalli. A shafa mai kaɗan, a tura shi cikin kwaroro, wanda ke mayar da shi girmansa na asali, ya kuma ture mataccen makunni waje. Tagulla tana miƙewa da kowane harbi, don haka a auna tsawo, in ya wuce a datse. A sa sabon makunni, a auna albarushi a zuba, a leƙa kowane kwanso da tocila a tabbatar duk sun cika daidai da juna, sannan a zaunar da ƙwaya zuwa tsawon da littafi ya ce.

Ba kowane kwanso ke ɗuruwa ba. Makunni iri biyu ne, kuma tarihinsu na da ban sha'awa. Wanda Bature ɗan Ingila Edward Boxer ya ƙirƙiro a 1866 shi ne ya karɓu a Amurka, wanda Ba'amurke Hiram Berdan ya ƙirƙiro kuma ya bazu a Turai. Kwanson Boxer rami ɗaya gare shi a tsakiyar gindi, allurar da ke cikin kwaroro na ture makunnin cikin sauƙi. Na Berdan ƙananan ramuka ne a gefe, in ka tura allura karyewa za ta yi. Kwanson ƙarfe irin na harsasan soja na Rasha, da ƙaramin harsashin nan .22 da ake doka a gefen gindi, ba a ɓata lokaci a kansu.

Ina mutane suka fi yin kuskure?

Mafi muni shi ne rikita albarushi. Akwai iri fiye da ɗari, kuma bambancinsu saurin ƙonewa ne. Na ƙaramar bindigar hannu yana ci nan take, na doguwar bindiga a hankali yake ci yana tura ƙwaya har ƙarshen bututu. In aka cika kwanson doguwar bindiga da mai saurin ci, bindigar ce za ta fashe, kuma an yi asarar yatsu da idanu ta wannan hanya. Har sunayen na iya yaudara: akwai H4350, akwai IMR 4350, lamba ɗaya amma jadawali daban. Don haka ƙa'idar ita ce gwangwani ɗaya kaɗai a kan tebur, in an gama a mayar da ragowar cikinsa nan take.

Na biyu shi ne kwanson da aka manta ba a zuba wa komai ba. Ƙarfin makunni kaɗai na iya tura ƙwaya ta maƙale a tsakiyar bututu. Mai harbi ya ji ƙara ƙasa-ƙasa, bai kula ba, ya sake harbi a kai. Duk ƙarar da ba ta yi kama da ta kullum ba, a tsaya a leƙa bututu.

Na uku zumuɗi ne, mutum ya fara daga iyakar sama don yana son gudu. Daga ƙasa ake farawa, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, ana karanta kwanso bayan kowane harbi. In makunni ya baje ya yi shafal, ko hannun bindiga ya yi tauri wajen buɗewa, ko wani ƙyalli ya fito a gindin kwanso, an riga an wuce gona da iri. Kwanson da aka ɗura sau da yawa kuma yakan sirance daga ciki kusa da gindi. Masu ɗuri sukan lanƙwasa kan 'yar waya su zura, in ta ji kwari a jikin bango, kwanson ya gama aiki.

Sai dalma. Tana cikin makunni, tana cikin ƙurar da ke tashi daga injin wanke kwanso. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani. Ba a ci ko sha a wurin aikin, ana wanke hannu da sabulu, yara kuma ba sa shiga ɗakin.

Zafin rana na shafar harsashi?

Ƙwarai kuwa. Zafi na ƙara wa albarushi saurin ci, matsi ya tashi. Awon da aka gwada lafiya lau cikin sanyin hunturu na iya wuce iyaka a tsakiyar bazara, musamman in an bar harsashin a cikin mota ko a rana. Turawan Ingila sun koyi wannan a Afirka da Indiya, domin albarushinsu na wancan zamani, kodayit, ba ya jure zafi. Har sai da kamfanoninsu suka riƙa yin ɗuri na musamman mai ragaggen awo don ƙasashe masu zafi. Harsashin .416 Rigby na 1911 an yi masa ƙaton kwanso ne saboda matsin ya zauna ƙasa, kada kwanso ya maƙale a bindiga a daidai lokacin da ɓauna ta taso wa maharbi. Albarushin yau ya fi jurewa, amma mai ɗuri har yanzu yana rubuta zafin ranar da ya yi gwaji a gefen awon da ya zuba, kuma yana ajiye gwangwaninsa na asali a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da makunni, nesa da wuta.