Myiomma

Myiomma sunan wani jinsi ne na ƙananan ƙwari masu tsalle da ke rayuwa a jikin ɓawon bishiya. Masanin ƙwari ɗan Faransa Auguste Puton ne ya raɗa masa suna a 1872, lokacin da ya bayyana Myiomma fieberi daga kudancin Turai. Jinsin na cikin rukunin Isometopinae na dangin Miridae, don haka suna da zumunta ta nesa da kuɗin cizo, ko da yake ba ruwansu da jinin mutum.

Tsawon ƙwaron bai wuce 'yan milimita kaɗan ba. Jikinsa a shafe yake, launinsa ya saje da na ɓawo, manyan idanu kuma sun kusa cinye kan gaba ɗaya. Cinyoyin ƙafafun baya kakkaura ne. Da an kusance shi sai ya yi tsalle ya ɓace, shi ya sa kama shi ke ba masu bincike wahala, samfurinsa kuma ya yi ƙaranci a ɗakunan adana ƙwari.

Abin da ya raba rukunin Isometopinae da sauran Miridae shi ne ƙananan idanu guda biyu a saman kai, ƙari a kan manyan. Sauran dangin ba su da su. Wannan ya sa masana suka daɗe suna ɗaukarsu dangi mai zaman kansa, Isometopidae, har sai da masanin ƙwari Jacques Carayon ya nuna a 1958 cewa ƙirar gaɓoɓin haihuwarsu ta Miridae ce.

An yi ta zaton gansakukar jikin ɓawo suke ci, tunda a nan ake tarar da su. Ashe mafarauta ne. A 1978 masana ƙwari Wheeler da Henry suka ba da rahoto daga jihar Pennsylvania ta Amurka cewa Myiomma cixiiforme na cin ƙwarin nan masu liƙewa a reshe su rufe kansu da sulke mai kama da kaki: yakan soka dogon bakinsa ya tsotse su. Ga mai lambu, ƙwaro irin wannan aboki ne.

Ana samun Myiomma a Afirka, Asiya, Turai da Arewacin Amurka. Babban nazarin rukunin Isometopinae na Afirka, Turai da Gabas ta Tsakiya, wanda ya fito a 1996, aikin A. E. Akingbohungbe ne na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife.